Me ke juya farashin garin ruwan cuku a Kano?

Mai Yogot, Sharada: Salamu alaikum. Garin ruwan cuku, wato wei (ruwan da ke ragewa bayan an yi cuku, aka busar da shi ya zama gari), buhu mai kilo 25, farashinsa ba ya zama wuri ɗaya a kasuwar Singa. Canjin dalar Amurka ne kaɗai, ko da wani dalili?

Dillalin Singa: Wa alaikumus salam Hajiya. Dala na ciki, amma ki duba Sin, ita ce ta fi kowace ƙasa sayensa, galibi don abincin 'ya'yan alade da madarar jarirai. A 2018 ta ƙara wa kayan Amurka haraji, sai Turai da Belarus suka ci wani kaso na kasuwar. Cutar aladu kuma ta rage buƙatarta a 2019. Duk sanda Sin ta koma saye, mu ma sai mun ji a jikinmu.

Malamin Madara: Gaskiya ne Alhaji. Ƙari kuma, masana'antu sun karkata ga yin wei mai furotin kashi 80 na 'yan motsa jiki maimakon na gama-gari, don ya fi riba. Na gama-gari furotin ɗinsa wajen kashi 12 ne, sikarin madara kusan 70. Shi ya sa idan ya yi yawa a yogot, sai ta tsinke.

Mai Sito, Bompai: Kuma yana jan danshi, Hajiya. Da damina a ɗora shi kan katako, a ɗaure bakin ledar ciki, in ba haka ba ya dunƙule.