Raunin mazakuta: na'urar bugun igiyar sauti tana magani da gaske?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Likitoci da masana, ina neman bayani kan na'urar nan da ake kira shokwef, wadda ake tallatawa don raunin mazakuta. Ana cewa babu allura, babu tiyata, kuma bayan zama shida mutum zai rabu da shan ƙwaya. Yaya ake yin ta, wa take yi wa aiki, kuma in ta yi aikin yana ɗorewa? A ɗauki misalin mutum mai shekara 50 da 'yan kai, mai hawan jini, wanda ƙwayar raunin mazakuta ta sildenafil ke yi masa aiki yau, gobe kuma shiru.

Likitan Mafitsara:
Wa alaikumus salam, Malam. Asalin na'urar ta fasa tsakuwar ƙoda ce, wadda aka fara amfani da ita a Munik ta Jamus a 1980. An rage ƙarfin bugun sosai, sannan a 2010 wasu likitoci a Haifa ta Isra'ila suka wallafa gwajin farko a kan maza 20 masu raunin mazakuta. Daga nan abin ya bazu.

Miƙewa aikin jini ne. Cikin azzakari akwai tsoka biyu masu kama da soso, a kwance gefe da gefe. In sha'awa ta motsa, jijiyoyin jini su buɗe, soson ya cika, ya danne hanyoyin da jinin zai koma. Hawan jini, ciwon suga, taba da yawan kitse a jini suna lalata bangon waɗannan jijiyoyi. Ƙwaya tana buɗe su ne na 'yan sa'o'i. Ita kuwa na'ura, tunanin da aka gina ta a kai shi ne bugun yana ɗan girgiza naman, jiki ya ɗauka rauni ne, sai ya saki sinadaran da ke tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyin jini. An ga hakan a gwajin ɓeraye.

Tsarin da aka fara da shi zama 12 ne: sau biyu a mako har mako uku, a huta mako uku, a sake mako uku. A kowane zama ana bugu 1,500, wato 300 a wurare biyar: uku a tsawon azzakari, biyu a saiwarsa da ke ɓuye a bayan maraina, dama da hagu. Ƙarfin bugun milijul 0.09 ne a kowace murabba'in milimita. Ana shafa man nan mai santsi irin na ɗaukar hoton ciki, a miƙar da azzakarin da hannu, a ɗora kan na'urar. Minti 15 zuwa 20 an gama, ba a sa maganin kashe zafi, abin da ake ji kamar ana ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa ne. Wasu cibiyoyin suna yin zama shida kawai.

Wanda ya fi dacewa da ita shi ne mai raunin da jijiyar jini ta jawo, kuma bai yi tsanani ba. Muna auna tsananin da tambayoyi biyar masu maki 25: daga 22 zuwa sama lafiya lau, 17 zuwa 21 rauni kaɗan, 7 zuwa ƙasa mai tsanani. Da aka haɗa gwaje-gwajen da aka kwatanta na'urar gaske da ta bogi, ƙarin da aka samu a wani ma'aunin miƙewa daban mai maki 30 bai wuce maki 2 zuwa 4 ba. Ga mai rauni kaɗan wannan abu ne da zai gani a shimfiɗarsa. Ga mai tsanani kuwa ba zai ji bambanci ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2018, ta ce har yanzu a matakin gwaji take, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ma ba ta amince da ita don wannan cuta ba. Ƙungiyar Turai ta yarda a gwada ta ga masu rauni kaɗan, amma da taka-tsantsan.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Likita ya gama magana kan na'ura. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne "yau ya yi aiki, gobe shiru". Sau da yawa ba ƙwayar ce ta gaza ba, shan ne ba a yi daidai ba. Sildenafil ana shan sa ne awa ɗaya kafin kwanciya, kuma abinci mai maiƙo yana jinkirta shi. Ba ya tayar da sha'awa da kansa, dole sai an yi wasa. Ana farawa da miligiram 50, likita na iya kai shi 100, kuma ba a yanke cewa ya gaza sai an gwada sau shida zuwa takwas bisa ƙa'ida. Akwai kuma tadalafil miligiram 5 da ake sha kullum, wanda ke cire wa mutum lissafin lokaci.

A duba magungunan hawan jinin ma. Wasu masu sa fitsari da irin su atenolol suna rage ƙarfin namiji, kuma akwai madadinsu. Amma kada a daina su ba tare da likita ba. Wanda kuma yake shan maganin ciwon ƙirji mai nitiret, kada ya kusanci waɗannan ƙwayoyi, jininsa na iya faɗuwa ya suma.

Injiniyan Na'urorin Asibiti:
Ɗan'uwa, ka kula da wannan, don a nan ake yawan cutar mutane. Na'urori iri biyu ne ake kira da suna ɗaya. Ta farko tana tattara ƙarfin bugun a wuri guda cikin nama, kamar yadda gilashi ke tattara hasken rana. Da irinta aka yi mafi yawan gwaje-gwajen da Likita ya ambata. Ta biyu iska ce ke harba ɗan ƙarfe cikin bututu ya daki kan na'urar, ƙarfin ya bazu a fata, yana raguwa tun kafin ya shiga ciki. An yi ta ne don ciwon tsoka da diddige, ta fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa ta cika wuraren talla. Ƙananan da ake sayarwa a intanet don amfani a gida yawancinsu girgiza kawai suke yi.

Kafin ka kwanta a gadon kowa, ka tambayi sunan na'urar, mai tattarawa ce ko mai bazawa, bugu nawa a zama ɗaya, da ƙarfi nawa, kuma za a bugi saiwar? Wanda ya kasa faɗin waɗannan lambobi bai san abin da yake yi ba. Kuskuren da ake yawan yi a aiki uku ne: a ƙi sa man da yawa, iska ta shiga tsakanin fata da na'ura ta tare bugun, a tsallake saiwar don kunya ko gaggawa, alhali babban ɓangaren soson yana can, ko kan na'urar ya wuce adadin bugun da kamfani ya ƙayyade masa ba a canja shi ba, ana jin ƙararsa amma ƙarfin ya tafi.

Mai Neman Sani:
Allah ya saka da alheri. Likita, saura batun ɗorewa. Kuma in akwai ciwon suga fa?

Likitan Mafitsara:
Amin, Malam. Sakamako ba ya zuwa a makon farko, ana auna shi ne wata ɗaya zuwa uku bayan zama na ƙarshe. Da aka bi waɗanda suka amfana har shekara biyu, kusan rabi ne amfanin ya zauna musu, kuma waɗanda ya fi saurin gushe wa su ne masu ciwon suga da masu rauni mai tsanani. Suga tana cin jijiyar jini da jijiyar saƙo a lokaci guda, na'urar kuwa ba ta hana ɓarnar ci gaba. Haka wanda aka cire wa ƙwayar mafitsara ta maza (prostate), ko mai ƙarancin sinadarin maza na testosteron, ko wanda damuwa ce ke hana shi, bai kamata ya sa rai da ita ba. Alamar ta damuwa ita ce yana farkawa da miƙewa mai ƙarfi da asuba, amma in ya zo ga iyali sai ta ƙi.

Illarta kaɗan ce: ɗan ja ko tsami na kwana ɗaya ko biyu. Mai shan maganin tsinka jini ya sanar tun farko, kuma ba a yin ta a kan ƙurji, ciwon daji ko azzakarin da aka dasa wa roba.

Ga mutumin da ka kwatanta, ina roƙon a fara da gwajin suga, kitsen jini, da testosteron da aka ɗebi jininsa da safe kafin ƙarfe 11. Jijiyar azzakari faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya 3 zuwa 4, don haka ƙaramar ce ke fara toshewa, sau da yawa shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. In an gyara shan ƙwayar, an daidaita hawan jinin, an bar taba, makinsa kuma a tambayoyin nan biyar yana tsakanin 12 da 21, sai a yi hoton gudun jini na azzakari. In ya nuna jinin ne ba ya shiga da ƙarfi, ya cancanci gwada zama 12 da na'ura mai tattarawa, yana ci gaba da ƙwayarsa. In kuwa jinin na shiga amma yana zurarewa, na'urar ba za ta toshe wannan yoyon ba.