Ina tsohon birnin Maraɗi ya shiga?

Ɗalibi daga unguwar Zariya ta cikin Maraɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure, kuma ina roƙon a yi mini afuwa idan ta zama tambayar yara. A hutun da ya wuce na raka kawuna Katsina, na ga Hasumiyar Gobarau da ragowar ganuwa da ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi, na kuma bi lungunan cikin birni waɗanda mota ba ta iya shiga sai dai babur. Da muka dawo gida sai na fara kallon garinmu da wani ido. Tun muna ƙanana ake gaya mana cewa Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi ne suka kafa sarautar Maraɗi, wato yau sama da shekara ɗari biyu ke nan. To, me ya sa ba mu da ganuwa ko ƙofar gari, kuma me ya sa titunanmu suke miƙe sambal kamar an ja su da igiya, har a Bagalam da Mokoyo da ake kira tsofaffin unguwanni? Shin rushe tsohon birnin aka yi, ko kuwa dama ba a nan yake ba?

Tsohon malamin lakwal, Limanci, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ba tambayar yara ba ce, domin akwai masu furfura a garin nan da ba su taɓa yi wa kansu ita ba. Garin da kake tafiya a cikinsa yau ba shi ne garin da Ɗan Kasawa, sarkinmu na farko, ya zauna ba. Tsohon garin yana can ƙasa cikin fadamar Gulbin Maraɗi, inda ake noman rani yanzu, kuma ruwa ne ya ci shi a daminar 1945.

Bari in ɗauko maka zancen daga tushe. Lokacin da mutanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci Birnin Katsina a 1807, sarautar garin ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje, gidan sarautar da aka tarar kuma ya yi arewa. Bayan rasuwar Sarki Magajin Halidu a Ɗankama aka naɗa Ɗan Kasawa, wanda ya yi shekaru yana zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram kafin ya sauka Maraɗi wajen 1819. Shi kansa sunan Maraɗi sunan sarauta ne daga cikin sarautun Katsina, shi ya sa har gobe ba a ce wa sarkinmu Sarkin Maraɗi a fada, sai dai Sarkin Katsina. Mutanen da ke kwana da shirin yaƙi ba sa zaɓen fili buɗaɗɗe, sai suka zauna cikin kwari mai duhuwar itatuwa, ga ruwa kusa, ga ciyawar dawaki, suka kewaye garin da ganuwa. Gobirawa ma sun zauna tare da su na ɗan lokaci, sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara a cikinsa har Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali suka rasa rayukansu, Gobirawan suka kafa nasu garin a Tsibiri. Daga cikin fadamar nan ne Sarki Ɗan Baskore ya riƙa fita da dawaki yana kai hari har ƙasar Katsina da ta Kano.

Abin da ya zama kariya a zamanin mashi da kibiya shi ne ya zama masifa bayan an ajiye su. Gidajen ƙasa ne a cikin kwari, da gulbi ya cika ya tumbatsa a 1945 sai katangu suka jiƙe daga gindi suka zube. Nasara, wato Turawan mulkin Faransa, waɗanda dama barikinsu yana kan tudu, suka ba da umarnin a tashi gaba ɗaya a hau sama. Su ne suka auna filin, suka yanka shi murabba'i-murabba'i, kowane magidanci aka nuna masa nasa filin gida, aka bar dandali mai faɗi a ƙofar fada. Ganuwa kuwa babu wanda ya sake gina ta, tun da yaƙin da aka yi ta dominsa ya riga ya ƙare.

Amma ka lura da abin da mutane suka hau tudu da shi. Sun bar katangunsu a ƙasa, sun ɗauko sunayen unguwanninsu da maƙwabtansu. Bagalam, Mokoyo, Maraɗawa, 'Yandaka, Ɗan Gulbi, Limanci da Hasau duk sun girmi gidajen da ke cikinsu. Hasau tana tuna mana da Ƙaura Hasau, mayaƙin da ya gagari sarakuna a ƙarshen ƙarni na 19. Sunayen da ka gani a jikin ƙofofin Katsina kuwa, a wurinmu mutane ne masu rawani: Ƙaura da Durɓi, waɗanda tare da Galadima da 'Yandaka su ne manyan 'yan majalisar da zaɓen sarki yake hannunsu a bisa al'ada. Idan kana son ganin tsohon garin, ka je ƙofar fada ranar hawan salla ka dubi wanda ke gaba da wanda ke baya.

Ɗan magini, Mokoyo, ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya ba da tarihin yadda yake. Ni zan ƙara kaɗan ta fuskar sana'ar gidanmu, domin kakana yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar ginin sabon garin, mahaifina kuma shi ya koya mini riƙe cokalin gini. Ƙanena, ginin ƙasa ba ya tsufa shi kaɗai, sai da mai kula da shi. Ana curo tubali da hannu, mai kai a tsuke da gindi a faɗaɗe, a shanya shi ya bushe, a jera, sannan a yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Ana gama rufi sai a fitar da indararo don ruwan sama ya zuba nesa da gindin katanga, a bi jikin ginin da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Kowace shekara kafin saukar damina sai an sake yaɓe. Gidan da aka yi shekara uku ba a taɓa shi ba ya fara bankwana da mai shi, balle garin da aka watse aka bar wa gulbi da manoma.

Abin da ke damuna shi ne ko soraye da zaurukan da aka gina bayan hawa tudu, waɗanda yanzu sun kai shekara saba'in ko tamanin, muna rushe su da hannunmu. Bara aka kira ni wani gida a rushe zaure don a fitar da shaguna uku a bakin titi. Zaure ne mai bakan gizo, kaurin katangarsa ya kai kamu biyu, kana shiga da tsakar rana a watan Afrilu sai ka ji sanyi kamar an yayyafa ruwa. Da muka sauke rufin, azarorin suna nan garau, har wani maƙwabci ya saye su. Na karɓi kuɗin aikina, ban ce komai ba, domin magada tara ne kuma kowa yana da bakin ciyarwa. Sai dai shagunan bulo da kwanon da muka gina a wurin, mai haya ba ya iya zama a cikinsu da azahar sai ya fito da benci ƙarƙashin bedi.

Ba na cewa a koma ginin ƙasa ido rufe. Duk wanda ya ga gidajen da suka faɗi a daminar 2024 ya san dalilin da ya sa mutane ke gudunsa, musamman a unguwannin gangare inda ruwan tudu duka yake bi ya sauka fadama. Amma yawancin waɗanda na duba da idona, rashin magudanar ruwa da rashin yaɓe ne suka kayar da su.

Jikar mai ƙuli-ƙuli, Ɗan Gulbi, ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Maza sun yi zancen sarakuna da katangu, to bari in faɗi abin da na ji a ɗakin kakata, Allah ya jiƙanta, wadda tana budurwa aka hau tudu. Ita ba ta taɓa kiran abin da sunan ambaliya ba, sai dai ta ce shekarar da gulbi ya kore mu. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ruwan sha. A fadama, in ji ta, rijiya gaba biyu ko uku ce, yarinya ma tana iya ja da guga. Da aka dawo sama sai igiya ta yi tsawo, mata suka koma sauka gangare da tuluna tun asuba, su hau da su a ka, kuma haka aka yi ta yi har famfo ya zo. Ta ce sabon garin fili ne fetal, babu inuwa, ga titi mai faɗi da mace ba ta iya tsallakawa gidan maƙwabciya ba tare da duk mazauna ƙofar gida sun gan ta ba, alhali a da ta ƙofar baya ake zagayawa a karɓo wuta ko gishiri.

Sana'arta matsar mai ce. Ana soya gujiya, wato gyaɗa, a surfe, a kai turmi, a yi ta juya tunkuza da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso, sauran kuma a murza a soya ƙuli-ƙuli. Ranar Litinin da ranar Juma'a, da kasuwa ke ci, mu jikoki ake ɗora wa kwalabe a tire. Da kuɗin man nan ta sayi jajayen awaki, irin namu na Maraɗi da ake yabon fatarsu har ƙasashen waje, kuma da awakin ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki. Ɗana mai tambaya, idan za ka rubuta tarihin garin nan, kada ka manta da gidan Iya. Sarautar mata ce babba a fadar Katsinan Maraɗi, kamar yadda Inna take a Tsibiri, kuma a da harkokin mata da na bori a hannunta suke. Yau mutane da yawa ba sa son a ambaci wannan ɓangaren, amma rashin ambatonsa ba zai sa a ce ba a yi ba.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari, ya amsa:

Ina neman afuwar Malam, ni a ganina an ba ruwa girman da ya wuce nasa. Ruwa ya matsar da gari daga ƙasa zuwa sama, wannan gaskiya ne, amma gujiya da iyaka su ne suka yi Maraɗin da muka sani. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar nan ta sami hanyar fita zuwa teku, kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna da wuraren awo, suna ba 'yan gari kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo musu. Yaran kantin nan da dillalan su ne suka zama alhazan farko. Bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnati ta kafa kamfanin cinikin gujiya na SONARA a 1962 ta karɓe cinikin, sannan farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya karya noman gujiyar, manoma suka koma gero da wake don su ci.

Da wani gari ne da ya mutu a nan, amma alhazai suka juya ga iyaka. Ta Ɗan Isa da Jibiya aka riƙa shigar da atamfa da taba da dabbobi da wake Najeriya, ana fito da mai da siminti da kayan masarufi, kuma kuɗin wannan fataucin ne ya gina benaye da masallatan unguwa da manyan ɗakunan ajiya da ke bakin kwalta. Unguwar Zariya da kake zaune, da Ali Ɗan Tsoho, mahaifina yana cewa gonakin gero ne a ƙuruciyarsa. Saboda haka idan Katsina tana nuna wa baƙo ganuwa, mu sai mu kai shi babbar kasuwa da tashar manyan motoci. Ko lokacin da aka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, ai kowa ya ga yadda garin ya yi tsit, tun daga mai sito har mai turin baro.

Ɗalibi daga unguwar Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar mana ku. Jiya da la'asar na sauka fadama ta bayan unguwar Ɗan Gulbi, na tarar da wani dattijo yana ban ruwa a fangalin tumatir. Na tambaye shi inda tsohon garin yake, sai ya yi dariya ya ce a kansa nake tsaye, ya kuma ce wani lokaci idan suna haƙa sukan tono fasassun tukwane. Baba Malam, idan kun ba ni izini, zan zo Limanci ranar Asabar bayan sallar la'asar da littafin rubutu, domin ina son ku jera mini sarakunan da suka biyo bayan Ɗan Kasawa ɗaya bayan ɗaya.