Tambaya: Da gaske jinin uwa ba ya shiga mabiyiya sai ciki ya doshi wata uku?

Ɗalibar Ungozoma:
Assalamu alaikum malamai. A littafin da muke karatu da shi an ce da zarar ciki ya zauna, jinin uwa ke fara ciyar da tayi ta mabiyiya. Sai kuma na ga ana ambaton wani farfesa na Jami'ar Kambirij a Ingila, Graham Burton, wai ya nuna ba haka ba ne, sai mako na 10 zuwa 12. To me tayin yake ci kafin nan? Kuma sanin wannan yana da amfani a ɗakin awo?

Malamin Anatomi:
Wa alaikumus salam Malama. Littafinku ne ya tsufa. Lissafin makonni a nan daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe ne, yadda kuke yi a awo.

Kwana 6 zuwa 7 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, tayi yana manne wa bangon mahaifa. Ƙwayoyin da ke kewaye da shi, waɗanda ake kira torofobilas, su ne asalin mabiyiya. Wasu suna yin rassa masu kama da gashi inda za a riƙa musayar abinci da iska. Wasu kuma su kutsa cikin bangon mahaifa, su shiga jijiyoyin jinin uwa masu lanƙwasa, su taru a bakinsu su toshe. Masu bincike biyu, Hustin da Schaaps na Beljiyam, ne suka nuna wannan toshewa a 1987, amma da yawa ba su gamsu ba, domin kowa ya ɗauka tayi ba zai rayu ba sai da jinin uwa.

Aikin Burton da abokin bincikensa Eric Jauniaux na Landan shi ne kawo hujjar da ta rufe bakin masu musu. Sun auna oksijin a cikin mabiyiyar kanta da wata siririyar na'ura, ana kallo ta sikanin. Sakamakon da suka buga a 2000: a mako na 8 ƙarfin oksijin bai kai 20 ba a ma'aunin milimita na makuri (irin wanda ake auna hawan jini da shi), a mako na 12 ya haura 50. Burton ya kuma koma ga tsofaffin yankakkun samfura da Farfesa Boyd ya tara a Kambirij, inda mabiyiya take manne da mahaifa yadda take a jiki. A ciki ya ga bakunan ƙananan rumbunan ruwa na bangon mahaifa a buɗe, suna zuba kai tsaye cikin mabiyiya. Ruwan nan yana ɗauke da sukari, maiƙo, furotin da sinadaran girma. Shi tayi ke sha a watannin farko, kuma sun wallafa haka a 2002.

Ƙarancin oksijin ɗin kariya ce. Lokacin ne ake halittar zuciya, ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kuma mabiyiya ba ta gama samar da sinadaran da ke kashe dafin oksijin ba. Idan lokaci ya yi, toshewar tana fara buɗewa daga gefe. Rassan da ke gefen sai su lalace su shafe, wurin ya zama fatar nan da ke fashewa ruwa ya zubo lokacin naƙuda. Tsakiyar ce ke zama faifan da kike gani bayan haihuwa, mai nauyin kusan rabin kilo.

Likitan Mata:
Malam ya gama da rabin farko. Amfaninsa a asibiti kuwa, nan ne tushen hawan jinin masu ciki da jijjiga.

Torofobilas ba toshe jijiyoyi kawai suke yi ba. Suna cinye tsokar bangon jijiyar, bakinta ya buɗe ninki 5 zuwa 10, ta daina matsewa. A lissafin da Burton da abokansa suka buga a 2009, idan bakin ya buɗe jini yana shiga a hankali, kimanin santimita 10 a daƙiƙa. Idan bai buɗe ba, yana feshowa da gudun mita 1 zuwa 2, kamar tiyon da aka danne bakinsa da yatsa. Feshin yana kakkarya rassan mabiyiya. Tun 1972 wani mai bincike, Brosens, ya nuna jijiyoyin masu wannan ciwo ba su buɗe yadda ya kamata ba. Mabiyiyar da ta wahala tana sakin wani furotin cikin jinin uwa, wanda ƙungiyar binciken likita Karumanchi a Boston ta Amurka ta gano rawarsa a 2003. Shi ke lalata rufin cikin jijiyoyin uwa, jini ya hau zuwa 140/90 ko fiye bayan mako na 20, furotin ya fito a fitsari.

Ki lura da tazarar: ɓarnar ta auku a watanni uku zuwa huɗu na farko, alamar ba ta fitowa sai daga baya. Shi ya sa matar da ta fara awo a wata na shida ta riga ta wuce lokacin da rigakafi ya fi amfani. A wani babban gwaji mai suna ASPRE na 2017, an ba mata masu haɗari asfirin miligiram 150 kowane dare daga mako na 11 zuwa 14 har mako na 36, kuma nau'in ciwon da ke sa a haihu kafin lokaci ya ragu da kashi 62 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar miligiram 75, a fara kafin mako na 20, da kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 a rana inda abinci ba ya wadatar da shi. Waɗanda za ki tura wa likita da wuri: wadda ta taɓa yin ciwon a cikin baya, mai hawan jini tun kafin ciki, mai ciwon sukari ko na ƙoda, da mai tagwaye. Kada mace ta saya wa kanta a kemis.

Ɗalibar Ungozoma:
Na gode Likita. Ke nan ɓari ma daga nan yake?

Malamin Anatomi:
Wani daga ciki. Kusan rabin ɓarin farkon ciki matsalar ƙwayoyin gado ce. Amma Jauniaux ya nuna a mafi yawan ɓarin toshewar ba ta yi kauri ba, jini ya shigo da wuri ta ko'ina, oksijin ya ƙona mabiyiyar. Wanne ne sanadi, wanne ne sakamako, har yanzu ana kai ruwa rana. Gwaji a kan ɓera ba ya raba gardamar, don tsarin mabiyiyarsa daban ne. Cibiyar binciken torofobilas da aka kafa a Kambirij a 2007, wadda Burton ya fara shugabanta, ita ce a 2018 ta yi renon ƙananan mabiyiyoyi a kwanon gwaji, aikin Margherita Turco, domin a riƙa gwaji a kan ƙwayoyin ɗan Adam.

Ma'aikacin Lab:
Ku ƙara da zazzaɓin cizon sauro, don shi ya fi damun mu a nan. Da jinin uwa ya fara malala a tsakanin rassan, jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga suna samun wurin maƙalewa. Masu bincike Fried da Duffy sun nuna a 1996, a kan mata na yammacin Kenya, cewa suna manne wa wani sinadari a saman rassan. Sai a duba jinin yatsa a ga babu komai, alhali mabiyiya cike take. Mai cikin fari ta fi shan wahala, domin jikinta bai taɓa haɗuwa da irin wannan nau'in ba: ƙarancin jini gare ta, ƙarancin nauyi ga jaririn.

Don haka ake ba da Fansida ƙwaya uku a gaban ma'aikaciya, daga mako na 13, tazarar wata ɗaya aƙalla, sau uku ko fiye kafin haihuwa. Ba a ba wadda take shan Seftirin kullum. Kuma folik asid na miligiram 5 yana rage ƙarfinta, na miligiram 0.4 ake haɗawa da ita.