Equity a karatun likita: daidaito ne ko adalci?

Jama'a, a taimaka min da kalma. Ƙanwata tana karatun likitanci nan Katsina, an ce su fita unguwanni su yi wa mutane bayani da Hausa, sai ta kawo min kalmomin Turanci biyu in fassara mata, ta farko equity. Na ce daidaito. Ta ce, "A'a Yaya, wannan ai equality ce." Da maganar na kwana.

Gaskiyarta kuwa. Daidaito shi ne a raba wa ƙananan hukumomi 34 na jihar nan likitoci kai ɗaya. To amma mai naƙuda a wani ƙauyen Batsari, inda hanya ba ta biyuwa da dare, ina ita ina wadda ke Ƙofar Soro, da ɗan Keke Napep zai kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya yanzu-yanzu? Uwa ma in tana rabon tuwo, ba ta zuba wa ɗan yaye malmalar wanda ya wuni a gona. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ni dai na tsaya kan "adalcin lafiya". In Hukumar Lafiya ta Duniya na maganar rashin equity a harkar lafiya, ba kowane bambanci take nufi ba, sai wanda ake iya magancewa amma aka bari. Tsoho ya fi yaro ciwon gwiwa, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma a 2021, Turai ana yin allurar korona ta uku, ma'aikatan jinya da yawa a Afirka ko ta farko ba su gani ba. Wannan kam da hannun mutum a ciki.

Wani malaminmu na Hausa ya ce min, "Ɗana, adalci na ƙamshin kotu, mutanen karkara za su zaci alƙali za a kira. Ka ce rabon gwargwado." Allah gafarta Malam, gwargwadon me? Mai kuɗi cewa zai yi gwargwadon aljihu.

Ɗaya kalmar da ta kawo min, competency-based education, ba ta ba ni wahala ba: "karatun sai-ka-iya". Tela ba ya yaye yaronsa don ya shekara uku a shago, sai ya yanka yadi ya ɗinka riga an sa. Haka ɗalibi, a zaunar da shi gaban tsohuwar da ba ta da kuɗin magani, a ga yadda zai yi da ita.

Ranar Asabar za su fita. Na ce ta faɗi duka biyun, tawa da ta Malam, ta ga wadda za a gyaɗa wa kai.