Bayan an ja kunamar bindiga: me namun daji masu cin nama ke yi?

Ɗan maharbi, Sumaila:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranin bara, ina son jin ta bakin waɗanda suka riga ni shiga daji. Dila ya addabe mu da ɗaukar 'yan awaki, sai na yi masa kwanto a bakin rafi da bindigar toka ta mahaifina. Gab da asuba ya ɓullo. Na ja kunama, na kuskure. Da hayaƙin albarushi ya washe sai na hango shi can, kamar taku ɗari, ya tsaya ya waigo, kunnuwa a miƙe, yana kallona. Bai sake motsi ba sai da ya ga na fara ɗura bindigar. Tun daga ranar bai ƙara bin hanyar rafin ba, amma awaki ba su daina ɓata ba. Shin haka kowane mai cin nama yake in ya ji harbi?

Tsohon maharbi, Tudun Wada (jikana ke rubuta mini):
Wa alaikumus salam, ɗana. Ai ba a banza ake ce wa dila malamin daji ba. Waiwayen nan da ka gani karatu yake yi. Ya haɗa ƙarar da warinka da wurin da ka zauna, ya riƙe. Ka kuskure shi sau ɗaya, ka ba shi ilimin shekara.

Kura kuwa halinta daban. Ga tsoro, ga ban tsoro. Da muna da ƙarfi, a gonakin da ke wajen iyakar dajin Falgore (cikin dajin doka ta hana farauta, kada wani ya ce na tura shi), in aka yi harbi kura kan zura a guje, ko waiwaye babu. To amma in abin da ka harba ya faɗi, ka feɗe, ka bar kayan ciki a ƙasa, kafin ka gama ɗaure nama za ka haska fitila ka ga idanu biyu a bayan sabara. Kunne ya kore ta, hanci ya dawo da ita. Akwai daren da wata ta biyo ni har bakin gari, ina ɗauke da gada a kafaɗa, in na tsaya ta tsaya.

Abin da nake roƙon ku matasa: wadda ka harba ba ta mutu ba, kada ka bi ta cikin duhuwa. Lafiyayya gudunka take yi. Mai rauni in ta rasa mafita juyowa take yi, kuma haƙorin da ke fasa ƙashin saniya ba zai sha wuyar ƙafarka ba. Bindigar toka harbi ɗaya ce, kafin ka zuba albarushi ka danna an gama.

Manomi, Birnin Kudu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu nan duwatsu ne ke rikita lissafi. Na taɓa harbin wata kyanwar daji da ke cinye mana kaji, a tsakanin duwatsu biyu. Ƙarar ta daki dutsen gaba ta dawo, sai dabbar ta ɗauka daga can haɗarin yake, ta yo kaina a guje. Ta gefen ƙafata ta wuce, har na ji gashinta a ƙwaurina. Da wani aka yi wa, cewa zai yi kawo masa hari ta yi. Wallahi gudun ceton rai take.

Makiyayi, Kiri Kasamma:
Ni ban taɓa harbin dabba ba, sama muke harbawa don kora. Daren farko shiru har safe. Dare na biyu ma haka. Kafin mako ya zagayo diloli sun gane ƙara ce kawai, babu mai faɗuwa. Sai su ja baya kaɗan, su jira mu kwanta. Albarushi ya ƙare a banza, ga tumaki suna firgita suna tsinke igiya, mai ciki ɗaya har ta yi ɓari.

Malamin makaranta, Doguwa:
Abin da makiyayi ya faɗa shi ne gaskiyar da na fi gani: ƙarar da babu cuta a bayanta sabawa ake yi da ita, wadda ta zo da jini kuwa ba a manta ta. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kuma a daren hunturu da gari ya yi tsit yakan kai nesa ƙwarai. Harbi ɗaya, duk mai kunne a kwarin ya ji. Shi ya sa inda harbi ya yi yawa namun ke komawa fita cikin talatainin dare kawai. Mahaifina ya ce da can ana ganin dila da hantsi a hanyar Riruwai. Ni shekarata goma ina bin hanyar da babur, sau biyu na gan shi, duk da dare. Zaki ma yanzu in ba Yankari ko dajin Kainji ba, ina za a ji gurnaninsa a ƙasar nan? Abin yana ci mini rai, domin ɗalibaina a littafi kaɗai suka san kura.

Mai karnuka, Gwaram:
Kada a manta da namu na gida. Kwikwiyon da aka fara yi wa harbi a kusa da kunne ya lalace ke nan. Nawa guda, mai ƙwazo a kan zomo, yanzu ko tsawa aka yi sai ya shige ƙarƙashin rumbu.

Ɗan maharbi, Sumaila:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi sawunsa jiya da safe, ashe ta bayan rumbu yake shigowa, inda dangar ta faɗi tun damina. Na saro ƙayar farar ƙaya da magarya na toshe, na mayar da 'yan awakin cikin ɗaki. Bindigar tana rataye. Sai dai na ga wani sawu mai dogayen farata kusa da amya, ƙasa duk an tone. Dage ne? In shi ne, yaya shi kuma yake yi in ya ji harbi?