Kilawud a asibiti: gajimare ko rumbun haya?

'Yan uwa ma'aikatan lafiya da masu fassarar labarai a nan Kaduna, ina so mu tsai da kalma ɗaya. Asibitoci suna barin katin takarda suna komawa kwamfuta, kuma sau da yawa bayanan mara lafiya ba a asibitin suke kwana ba, suna kan abin da Turawa ke kira kilawud. Wasu sun fara cewa gajimare, wasu girgije. Duka biyun ba su kwanta mini ba.

In ka ce wa dattijuwa daga Rigasa sakamakon gwajin jininta yana gajimare, me ka sanar da ita? Gajimare ba shi da mai shi, ba shi da ƙofa, ba wanda za a riƙe in abu ya fita. Alhali abin nan gini ne cike da manyan kwamfutoci, mallakar wani kamfani, ko a Legas, ko a Afirka ta Kudu, ko a Turai. Asibiti kuɗi yake biya ana ajiye masa.

Shawarata: rumbun haya. Dama kunnenmu ya saba da rumbun adana bayanai, haya kawai na ƙara, kuma ita ce mai aikin. Duk wanda ya ji ta zai tambaya da kansa: rumbun wa? A wace ƙasa? Mabuɗin yana hannun wa, asibiti ko mai rumbu? In haya ta ƙare, ina kayan za su?

Tambayoyin nan haƙƙin mara lafiya ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin ciwon mutum sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane ƙasar waje. To, wanda bai gane inda ake kai sirrinsa ba, yaya za a ce ya amince? Ku tuna abin da ke cikin fayil ɗin nan: gwajin ƙanjamau, gwajin sikila kafin aure, ɓari, taɓin hankali. Ɗaya ya fita gari, aure na iya mutuwa, aiki na iya kuɓucewa.

Ba kushe tsarin nake ba. Gara da gobara sun sha cinye fayil na takarda, kuma ajiya a kwamfutar asibitin kanta ma ba tsira ba ce: a 2017 harin WannaCry, wata muguwar manhaja, kwamfutocin da ke cikin asibitocin Ingila ya kulle har aka soke ganin likita.

Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta fi son ma'ajiyar intanet. Tana da daɗin ji, amma ta ɓoye mai gidan, wanda shi ne mutumin da nake so a gani.

A takardar amincewa sai a rubuta: "Za a ajiye bayananki a rumbun haya na kamfani kaza, a ƙasa kaza, a kulle." Masu yankar kati a Barau Dikko da sauran asibitoci, ku gwada ta a kan majinyata ku faɗa mana yadda suka ji ta.