Ƙwari na cin gadona, katifa kuma ta yi funfuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, a ɗakin haya da bangonsa ke shan danshi duk damina. Tun ruwan watan Yuni nake tarar da wani gari mai laushi a ƙarƙashin gado, kamar an tankaɗe dawa. Da na ɗaga katifa sai ga ƙananan huji birjik a jikin katako. Ba gara ba ce, don babu hanyar ƙasa ko ɗaya. Kafinta ya ce katakon itacen da ake kira wawa ne, shi ƙwari suka fi so, wai da odum, wani katako mai ƙarfi, na saya da ban ga haka ba. To, odum ɗin da kuɗin wa?

Na ɗura kananzir da sirinji sau biyu, bayan sati uku garin ya dawo.

Ita ma katifar ƙasanta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Na shanya ta kwana biyu, warin bai fita ba, ga ƙaramar 'yata tana tari da dare.

Akwai maganin da ke shiga cikin katako wanda ba zai cutar da yara ba? Katifar fa, za ta gyaru ko in haƙura da ita?